Yadda Ake Tsara Gajeren Fim na Ɗalibai a Kan Yaron da Ya Rasa Mahaifinsa

Cikin ɗaliban da ke koyon aikin fim, ko a Jami'ar Bayero ta Kano ne, ko Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko kuwa Cibiyar Koyar da Aikin Fim ta Ƙasa da ke Jos, akwai da dama waɗanda idan lokacin aikin kammala karatu ya zo zuciyarsu kan karkata ga labarin maraya. Dalilin a fili yake, domin labari ne da ba ya neman motoci ko manyan gidaje, kuma da wuya a sami ɗalibin da bai taɓa zaman makoki ba. Sai dai sauƙin nan da ake hangowa daga nesa shi ne yake kayar da mutane, domin abin da yawanci ke fitowa a ƙarshe shi ne minti goma na hawaye da kiɗan tausayi, mai kallo ya tashi bai san yaron ba, bai kuma san abin da yaron ya rasa ba. Wannan bayani na rukunin ɗalibai ne masu kyamara ɗaya da ɗan abin da suka haɗa na kuɗi, waɗanda ke son yin fim na minti takwas zuwa goma sha biyu a cikin gida irin namu, kuma suna son fim ɗin ya faɗi gaskiya ba tare da an cutar da yaron da zai fito a cikinsa ba.

Ranar da labarin zai fara

Abin da za ku fara yankewa shi ne ranar da fim ɗin zai buɗe, kuma shawarata ita ce ku bar ranar rasuwar. A gidan Musulmi a ƙasar Hausa, tsakanin fitar rai da rufe kabari sa'o'i kaɗan ne: a yi wanka, a sa likkafani, a ɗora a makara, a yi salla a ƙofar gida, maza su wuce maƙabarta. Daga nan gida ya cika, maza a waje kan tabarmi, mata a ciki, kwanukan abinci na shigowa daga maƙwabta, har a yi sadakar uku, wasu gidajen su yi ta bakwai da ta arba'in. A duk tsawon kwanakin nan yaro yana cikin mutane amma babu wanda ya zauna da shi. Aikensa ake yi ya ɗauko buta, ya mayar da kwano, wani ya shafa kansa ya ce Allah ya raya. Sau da yawa ma yakan ji daɗin cikar gidan, ga 'yan uwa sun zo daga garuruwa, ga abinci iri-iri. Rashin yana fara bayyana gare shi ne ranar da aka naɗe tabarmi, baƙi suka watse, aka zo rabon tuwon dare ya ga kwanon maigida a kife ba a taɓa shi ba. Daga wannan daren ya kamata ku fara tunani.

Akwai kuma dalili na aljihu. Ɗaukar jana'iza yana buƙatar jama'a masu yawa da makara da izinin shiga maƙabarta, kuma idan mutum goma sha biyu ne kawai suka yi sahu, mai kallo Bahaushe zai gane nan take cewa wasa ake yi. Kuɗin da za ku kashe wajen tara taron da ba zai gamsar ba, gara ku kashe shi a kan makirufo mai kyau.

Sanin yadda yaro yake jin rashi

Kafin ku rubuta layi ɗaya, ku tsayar da shekarun yaron, domin ɗan shekara huɗu da ɗan shekara tara ba abu ɗaya suke fahimta da mutuwa ba. Yaron da bai kai biyar ba yawanci yana ɗaukar ta kamar tafiya ce ko barci, shi ya sa zai tambaya yau, a ba shi amsa, gobe ya sake tambayar yaushe Baba zai dawo. Tsakanin biyar da bakwai ne yake fara gane cewa wanda ya rasu ba ya dawowa, jikinsa ya daina aiki, kuma abin zai sami kowa, wanda hakan kan jawo masa tsoron kada uwar ma ta tafi. Zuwa tara ko goma fahimtarsa ta kusanci ta manya, amma bai da kalmomin da zai bayyana ta. Baƙin cikin yara yana zuwa ne kamar yayyafi, ya sauka ya ɗauke: yanzu yana kuka, bayan minti biyar yana langa da sa'o'insa, manya su ce ai bai san abin da ake ciki ba. Wani yakan koma fitsarin kwance, wani ya riƙa faɗa a makaranta, wani kuma ya ɓoye a ransa cewa shi ne sanadi, saboda ya ƙi zuwa aike ranar da ciwon ya tashi. Wannan zargin kai na ɓoye yana daga cikin abubuwan da suka fi ba marubuci abin riƙewa.

Masu bincike biyu na Jami'ar Harvard a Amurka, Phyllis Silverman da William Worden, sun bi yara 125 'yan shekara 6 zuwa 17 a yankin Boston har tsawon shekara biyu bayan rasuwar uwa ko uba. Sun ga cewa da yawa daga cikin yaran ba su yanke alaƙa da mamacin ba: suna ajiye wani abu nasa, suna mafarkinsa, suna yi masa magana a zuci, suna jin kamar yana kallonsu. Sun kuma ga cewa halin da wanda ya rage cikin iyayen yake ciki yana da babban tasiri a kan yadda yaron zai jure. Waɗannan abubuwa biyu, wato abin da yaro ya riƙe da kuma halin wanda ya rage, sun ishe ku gina fim. Ina kuma gargaɗinku game da matakai biyar na baƙin ciki da ake yawan jinginawa ga likita Elisabeth Kübler-Ross, waɗanda ta bayyana a 1969. Daga hira da majinyatan da ke dab da mutuwa ta samo su, kuma ɗalibin da ya raba fim ɗinsa gida biyar, daga musu zuwa fushi har zuwa saduda, zai fito da jadawali ne maimakon yaro mai rai.

Bayan karatu, ku zauna da manyan mutane biyu ko uku waɗanda suka yi maraici suna ƙanana, da yardarsu, ku tambaye su abin da suke tunawa. Ba safai suke kawo maganganu masu nauyi ba. Abin da za ku ji shi ne ƙamshin hula, ko takalmin da ya daɗe a bakin ƙofa ba a ɗauke ba, ko ranar da malamin makaranta ya ce kowa ya zo da babansa. Ku rubuta waɗannan, ku sauya duk abin da zai sa a gane mai labarin.

Buƙata ɗaya, abu ɗaya

Baƙin ciki yanayi ne, kyamara kuwa aiki take ɗauka. Saboda haka dole yaron ya kasance yana son wani abu da ido zai iya gani, kuma akwai abin da ke hana shi samu. Idan ba ku iya faɗin labarinku a jimla ɗaya mai ɗauke da wannan buƙata ba, rubutun bai nuna ba tukuna. Bari in kawo misali mu bi shi daki-daki.

Yarinya ce 'yar shekara takwas, 'yar fari, mahaifinta tela ne mai keken ɗinki na ƙafa a zauren gida. Ya rasu a tsakiyar azumi, ya bar ɗinkunan mutane a rataye, ya kuma bar atamfarta ta Salla da ya yanka bai haɗa ba, domin ɗinkin 'ya'yan tela shi ne na ƙarshe. Fim ya buɗe washegarin sadakar bakwai. Baffanta ya yanke shawarar kai keken da kayan mutane wurin wani tela domin a sauke nauyin masu kaya kafin Salla. Jimlar labarin ita ce: yarinya tana son hana a fitar da keken mahaifinta kafin a gama rigarta. Ku lura cewa babu mugu a nan. Baffa yana da gaskiya, masu kaya da ke zuwa suna sunkuyar da kai suna tambaya cikin kunya su ma suna da gaskiya. Ɗalibai suna saurin ƙirƙiro muguwar kishiya ko azzalumin kawu, amma da zarar an shigo da mugu, hankalin mai kallo ya bar rashin ya koma kan jiran sakayya.

Daga wannan jimla sai fitowa-fitowa su zo da kansu. Yarinya ta shiga zaure da safe ta buɗe littafin awo, ta ga sunanta da lambobin da mahaifinta ya rubuta da hannunsa, ta ɗauki tef ta gwada kafaɗarta ta ga ko har yanzu daidai ne. Ta buɗe leda ta shimfiɗa yankakkun ƙyallen a ƙasa, ga zanen alli fari a jikinsu, ta kai yatsa za ta taɓa sai ta janye don kada ya goge. Ta ji baffa yana gaya wa uwar daga bakin ƙofa cewa da yamma za a zo da mai kura. Ta cire bel ɗin keken ta ɓoye a cikin jakar allonta. An zo ɗauka, an ga babu bel, an tambayi yara, ta yi shiru, baffa ya kwashi kayan mutane ya ce keken ya zauna sai bayan Salla. A daren jajibere uwar ta farka ta ga shimfiɗar yarinya babu kowa, ta same ta a zaure da fitila ta mayar da bel tana ƙoƙarin taka keken, ƙafarta na kaiwa da ƙyar, zare ya harɗe. Uwar ta tsaya jim, sannan ta zauna ta warware zaren, ita ta taka, yarinya ta riƙe ƙyalle. Da safe yarinya ta fito cikin riga mai karkataccen ɗinki a kafaɗa ɗaya, alamar alli tana nan a gefen wuya, uwar na tsaye a ƙofar ɗaki da tsohon zane. Fitowa bakwai ke nan, a gida ɗaya, da 'yan wasa huɗu ko biyar, kuma ba a nemi kowa ya yi kuka ba.

A tsarin rubutun fim da aka saba, shafi ɗaya yana ba da kusan minti ɗaya, don haka shafi takwas zuwa goma ya wadatar, musamman da yake fitowar da babu magana takan ci lokaci fiye da yadda take a takarda. Ku guji komawa baya don nuna uban da rai sai in ya zama tilas. Keken da babu kowa a kansa ya fi nuna shi fiye da ɗan wasan da aka sa ya yi murmushi cikin hoto mai hazo.

Magana, kunya da addini

Manya a wurin rasuwa suna magana ne da kalmomin da al'ada ta riga ta tanada: ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri, Allah ya jiƙansa, Allah ya sa ya huta, Allah ya raya abin da ya bari. Ku bar su yadda suke, kuma ku bar su su maimaitu, domin maimaituwarsu a kunnen yaron da bai san me ake nufi da haƙuri ba wani ɓangare ne na labarin. Yaron kuwa kada ku sa masa jawabi a baki. Yarinyar misalinmu ba za ta ce zuciyarta ta karye ba. Abin da za ta ce shi ne, «Ai bai gama ba.» Duk layin da kuka rubuta mata, ku karanta shi ga yaro sa'anta ku ji ko zai fita a bakinsa ba tare da tuntuɓe ba.

Al'adarmu ta ba ku kayan aikin da marubucin wata ƙasa ba shi da su, kuma abin takaici ne a ga ɗalibi ya watsar da su ya kwaikwayi uwa da 'ya suna rungume da juna suna faɗin ina ƙaunarki. A gidaje da yawa uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta nuna masa kulawa a gaban mutane, haka kuma mace ba ta faɗin sunan mijinta, sai dai ta ce Malam ko babanku. To, ga uwa da 'yar fari a gida ɗaya, rashi ɗaya ya same su, kuma kunya ta hana kowacce ta nufi ɗaya kai tsaye. Shi ya sa zaman da uwar ta yi a gaban keken cikin dare yake da nauyi, domin ta faɗi abin da bakinta ba zai iya faɗa ba. Sannan tana cikin takaba, wata huɗu da kwana goma, babu kwalli, babu lalle, babu turare, ba ta fita sai da lalura. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa fim ɗin bai bar gidan ba, kuma ya ba hoton safiyar Salla ma'anarsa. Mai kula da sutura da kwalliya ya san wannan tun farko, kada a ga mai takaba da jan baki.

Addini yana cikin iskar gidan, cire shi ƙarya ne, mayar da fim ɗin wa'azi kuma asara ce. Ku bar shi ya bayyana yadda yake bayyana a rayuwa, cikin sallar asuba da uwa ke yi da jakar allo da addu'ar masu gaisuwa. Idan wani a rukuninku yana ganin nuna baƙin ciki ya saɓa wa tawakkali, ku tuna masa cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tashi maraya, mahaifinsa ya rasu kafin a haife shi, mahaifiyarsa kuma yana ɗan shekara shida, kuma ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Ku ba wani malami da wata dattijuwa rubutun su duba, shi ya gyara abin da ya shafi hukunci, ita ta gyara abin da ya shafi cikin gida. Idan kuwa a gidan Kirista kuka kafa labarin, kwanaki da tsarin makoki sun bambanta, sai ku nemi na cikin wannan gida ya yi muku jagora.

Yaron da zai fito

Wannan shi ne sashen da nake so ku fi riƙewa, domin maki da za ku samu na zango ɗaya ne, abin da kuka bari a zuciyar yaro kuwa zai daɗe. Kada ku ɗauki yaron da ya yi rashi kwanan nan da tunanin cewa zai fi iyawa. Ku nemi izinin iyaye ko mariƙi a rubuce, bayan kun karanta musu labarin gaba ɗaya da Hausa, kun gaya musu inda za a nuna fim ɗin, har da ko zai hau YouTube ko Facebook. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta Najeriya ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai 18 ba a matsayin yaro, saboda haka amincewarsa shi kaɗai ba ta isa ba, amma ita ma ku neme ta, ku kuma sanar da shi cewa duk lokacin da ya ce ya gaji za a tsaya. Uwarsa ko yayarsa ko wani babba da ya yarda da shi ya kasance a wurin daga farko har ƙarshe, a inda yaron zai iya ganinsa.

Na taɓa halartar wani wurin ɗaukar fim na ɗalibai inda aka yi ta fama da yaro ya yi kuka ya ƙi, rana tana faɗuwa, sai wani daga cikin ma'aikatan ya raɗa masa cewa mahaifiyarsa ta tafi ta bar shi, alhali an ce mata ta ɗan koma bayan katanga ne. Yaron ya fashe da kuka na gaske, aka ɗauka, wasu har da tafi. Washegari ya riƙe zanen uwarsa ya ƙi shiga gidan, kuma ni da na tsaya ina kallo ban hana ba, har yau abin yana damuna. Haka nan shafa man zafi a ƙarƙashin ido ko tsawa ko tsoratarwa, duk babu wanda ya halatta. Rubutun da ya dogara da hawayen yaro shi ne ke jefa mutane cikin wannan hali idan lokaci ya ƙure, shi ya sa gyaran yake farawa tun daga takarda.

Wajen zaɓe, kada ku nemi mai iya haddace layi ko mai kwaikwayon jaruman da yake gani. Ku nemi yaron da ke saurare, wanda idan an ba shi aiki yakan manta da kyamara. Ku ba shi zare da allura ku ce ya zura, ku yi masa magana yana yi, ku duba fuskarsa. A wurin ɗauka ma haka za ku yi masa jagora: kada darakta ya ce yi baƙin ciki, ya ce jera ƙyallen nan yadda za su zama riga, kuma kada allin ya goge. Natsuwar da yaro ke yi a kan aiki ita mai kallo zai karanta a matsayin kewa, domin ya riga ya san abin da ya faru. Mutum ɗaya ne zai riƙa yi masa magana, sauran su yi shiru. A ɗauki nasa da wuri yana da kuzari, kada aikinsa ya wuce sa'o'i kaɗan a yini tare da hutu, kuma a tsara ranaku yadda ba zai rasa boko ko Islamiyya ba. Idan an tashi, a cire masa kayan wasan, a kira shi da sunansa na gaskiya, a yi ɗan wasa ko a ci abinci tare kafin ya tafi gida. Idan kuna buƙatar hoton mamaci a bango, kada ku yi amfani da na mahaifin yaron na gaskiya, ku sami baligin da ya yarda da bakinsa, domin mutane da yawa ba sa son a nuna su a matsayin matattu.

Gida, haske da sauti

Ku nemi gida mai zaure da tsakar gida, ku je ku gan shi a daidai lokutan da za ku yi ɗauka, ku tsaya shiru na minti biyar kuna saurare. Injin markaɗe a maƙwabta, janareta, hanyar adaidaita sahu, makarantar allo a bayan katanga, duk za su shiga makirufo, kuma da wuya edita ya iya fitar da su gaba ɗaya. Ku rubuta lokutan kiran salla a cikin jadawali, ku tsaya idan an fara. Izini yana farawa daga maigida, sannan mai unguwa, da takarda daga sashenku, kuma idan a Kano kuke ku tuntuɓi Hukumar Tace Finafinai ta jihar, wadda aka kafa a 2001, ku ji abin da take buƙata kafin ku fita da kyamara. Gidan da ke da matan aure ba a shigarsa da tarin samari haka kawai, don haka ku rage masu shiga, ku yi yarjejeniya a kan sa'o'i, kuma mata na cikin rukuninku su zama masu shiga tsakani.

Ranar tsaka a tsakar gida tana ƙona hoto tana zurfafa inuwar ido, don haka fitowar waje ta zama da sassafe ko bayan la'asar, ta cikin zaure kuma a tsakiyar rana, a bar hasken ƙofa ya zama babban haske, a mayar da shi kan fuska da farin kwali ko farin zane. Da yake wutar lantarkinmu mai bugu 50 ce a daƙiƙa, ku saita kyamara a kan hoto 25 a daƙiƙa da saurin rufewar idon kyamara ɗaya bisa 50 na daƙiƙa, don kada ƙwan fitila ya riƙa ƙyaftawa a hoto. Ku sauke kyamara zuwa tsayin idon yarinya, kimanin mita ɗaya daga ƙasa, ku bar manya su shigo hoto da hannuwa da gefen riga da murya daga sama, sai a fitowar dare ne fuskar uwa za ta sauko daidai da tata a hoto ɗaya.

Mai kallo yana yafe hoto mai rauni, amma ba ya yafe sautin da ba ya ji. Makirufo ya matso kusa da baki iya yadda hoto zai bari, mai sauti ya sa abin saurare a kunne koyaushe, kuma a kowane ɗaki a ɗauki minti ɗaya na shirun wurin domin cike giɓi a wajen haɗawa. Ku ɗauki ƙarar keken daban, a hankali da sauri, da ƙarar almakashi a kan ƙyalle. A fim irin wannan ƙarar keken ita ce muryar uban: gidan ya yi kusan mako biyu babu ita, mai kallo ma ya yi minti takwas bai ji ta ba, sai a daren jajibere. Idan kun zuba kiɗa tun daga farko, kun kashe wannan lokacin kafin ya zo.

Jadawali, kuɗi da haɗawa

Kwana uku sun isa shafi tara idan kun rubuta jerin hotunan kowace fitowa tun a gida, kun kuma yi gwaji a wurin kwana ɗaya kafin ɗauka. Inda hali ya yi, ku bi labarin a jere saboda yaron. A kasafi, abinci da sufuri da man janareta su ne ke cinye kuɗi a ɓoye, sai ku fara ware su, ku kuma ajiye wani abu na ko-ta-kwana. Ku sayi atamfar da za ta isa riga uku iri ɗaya, ɗaya a yanke, ɗaya rabin ɗinki, ɗaya gamammiya, mai kula da kwantiniti, wato mai tabbatar da cewa kaya ba su sauya ba daga hoto zuwa hoto, ya ɗauki hoton zanen allin da wayarsa don a iya maimaita shi. Kowane dare a kwafe abin da aka ɗauka zuwa wuri biyu daban kafin a goge memori.

Wajen haɗawa za ku so ku bar kowane hoto ya daɗe saboda wahalar da kuka sha a kansa, amma shiru yana da nauyi ne kawai idan mai kallo ya san abin da ake jira. Ku nuna haɗin farko ga mutum uku da ba su karanta rubutun ba, kada ku tambaye su ko ya yi kyau, ku tambaye su me yarinyar take so da kuma inda hankalinsu ya tafi wani wuri. Idan za ku aika da shi bikin finafinai irin na Zuma da Hukumar Finafinai ta Najeriya ke shiryawa a Abuja, za ku buƙaci fassara a ƙasan hoto, kuma nan za ku sha wuya da kalmar haƙuri, wadda a bakin masu gaisuwa take ɗauke da juriya da ta'aziyya da miƙa wuya a lokaci guda. Ku zaɓi fassara ɗaya ku tsaya a kanta, don baƙon mai kallo ya lura cewa kalma ɗaya ce ake ta maimaita wa yarinyar.

Kafin a nuna wa malamai ko jama'a, ku kai fim ɗin gidan yaron ku kalla tare da iyayensa, ku ba su damar faɗin abin da bai kwanta musu ba tun ana iya gyarawa. Ranar nunawa a aji kuma, wani ya tashi kafin a kashe fitila ya faɗi a jimla ɗaya abin da fim ɗin ya ƙunsa, a bar ƙofa a buɗe, domin a cikin ɗalibai hamsin da ke zaune da wuya a rasa wanda makokin gidansu bai daɗe da watsewa ba.